Deke Slayton: mutumin da ya tura wasu duniyar wata, shi kuwa aka riƙe shi a ƙasa

Yau za mu ƙetara teku zuwa Amurka.

Duk sa'ad da aka tashi zancen zuwan ɗan Adam duniyar wata, sunan Neil Armstrong ne ke fara faɗowa a baki. Amma ba kowa ya san wanda ya zaɓi Armstrong ɗin ya ba shi jagorancin tafiyar ba. Sunansa Donald Kent Slayton, wanda abokan aikinsa suke kira Deke. Bai taɓa taka wata ba. Shekara goma ya yi yana zaune a ƙasa da abin saurare a kunne, yana jin muryoyin mutanen da ya tura, don haka labarinsa ba ya rabuwa da labarin yadda magana take tafiya tsakanin ƙasa da kumbo.

An haife shi ran 1 ga watan Maris na shekarar 1924 a wata gona kusa da garin Sparta, cikin jihar Wisconsin. Ɗan manoma ne, ya tashi cikin shanu da ciyawa. Yana ɗan shekara biyar injin yankan ciyawa da dawaki ke ja ya datse mashi yatsa ɗaya a hannun hagu. A 1942, yana gama makarantar sakandare, ya shiga rundunar sojan sama. Ya tuƙa jirgin ruwan bama-bamai samfurin B-25, ya fita farmaki sau 56 a fagen yaƙin Turai, sannan ya ƙara bakwai a kan Japan kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Bayan yaƙi ya yi karatun injiniyan jiragen sama a jami'ar Minnesota, ya gama a 1949, ya yi aiki da kamfanin Boeing, daga baya soja suka sake kiran shi. A 1955 ya isa sansanin Edwards da ke hamadar Kaliforniya, inda ake gwajin sabbin jiragen yaƙi. A can ne aka laƙaba mashi Deke, daga haruffan farko na sunayensa biyu, saboda akwai wani matuƙin mai irin sunansa.

A watan Afrilu na 1959 hukumar NASA ta gabatar ma duniya mutum bakwai da ta zaɓa don shirinta na farko na tura mutum sararin samaniya, wato shirin Mercury. Slayton yana cikinsu. Ran 5 ga watan Mayu na 1961, da Alan Shepard ya zama Ba'amurke na farko da ya leƙa samaniya, tafiyar da ta ɗauki kimanin minti 15, muryar da ya riƙa ji daga cibiyar kula da tafiya a Cape Canaveral ta Slayton ce.

Wannan kujera da ya zauna a kai ita ake kira kafkom, ma'ana mai magana da kumbo. Tun farko aka ga cewa ya fi kyau a ɗora ɗan sama jannati a kanta, ba injiniya ko babban jami'i ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya zauna cikin irin wannan akwati a wurin horo ya san inda kowane maɓalli yake, ya san lokacin da hannun abokinsa ya cika da aiki, ya kuma san muryarsa, yana iya gane gajiya ko firgita ko da mai maganar yana ƙoƙarin ɓoyewa.

A nan akwai wani abu da ya taɓa maƙwabtanmu. Kumbon Mercury yana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma kowace tashar ƙasa ba ta jin shi sai na ƴan mintoci kafin ya wuce. Shi ya sa Amurka ta jera tashoshi kewaye da duniya, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano take, wata kuma a Zanzibar. Ran 20 ga watan Fabrairu na 1962, da John Glenn ya biyo ta saman Afirka ta Yamma, ya shaida ma ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka amsa mashi cewa kwana bakwai ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Wanda ya san hazon hunturu a ƙasashenmu ba zai yi mamaki ba.

Bayan Glenn, layi ya zo kan Slayton. Har ya raɗa ma kumbonsa suna Delta 7. To amma tun 1959, a wurin wani horo da ake juya mutum cikin na'ura da gudu, likitoci suka lura cewa zuciyarsa takan rikice jefi-jefi, bugunta ya fita daga tsari, sannan ta koma daidai da kanta. Shi bai taɓa jin ta hana shi komai ba, kuma likitocin farko sun bar shi ya ci gaba. Da tafiya ta matso sai shugabanni suka sake buɗe maganar. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne, tunda akwai wasu masu lafiyayyar zuciya a hannu, babu dalilin yin caca da shi. A tsakiyar watan Maris na 1962 aka cire sunansa, aka sa Scott Carpenter.

Ranar da Carpenter ya tashi, 24 ga watan Mayu, Slayton yana tashar Muchea a yammacin Ostiraliya, shi ne mai magana da kumbo a wurin. Mai karatu ya auna da kansa: kujerarka ce ke wucewa ta saman kanka, wani na zaune a ciki, kai kuma aikinka ka tambaye shi yadda abubuwa ke tafiya.

Mutane da yawa da sun tattara nasu sun bar wurin. Shi bai tafi ba. A watan Satumba na wannan shekara aka naɗa shi mai kula da harkokin ƴan sama jannati, da goyon bayan abokansa shida, waɗanda suka gwammace nasu ya shugabance su a kan a kawo masu baƙo. Da rundunar sojan sama ita ma ta hana shi tuƙi, sai ya ajiye kakinsa a 1963 yana da muƙamin manjo. A 1966 ya zama daraktan sashen da ke kula da matuƙa baki ɗaya. Daga shirin Gemini har ƙarshen shirin Apollo, duk wanda ya shiga kumbon Amurka sai da sunansa ya bi ta hannun Slayton. Ya shimfiɗa wani tsari mai sauƙi: ayarin da ya tsaya a matsayin ƴan ko-ta-kwana na wata tafiya, zai tsallake biyu, ta uku ta zama tasa. Sashensa ne kuma yake fitar da waɗanda za su zauna a kujerar magana.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda wannan magana take tafiya, don mu da muke aikin rediyo nan ne labarin ya fi yi mana daɗi.

Tun 1965 cibiyar kula da tafiya ta koma birnin Houston a jihar Texas. A cikin zauren akwai masana jere a layi-layi, kowa da abin da yake sa ma ido: wannan wutar lantarki da iskar shaƙa, wancan injin, wani hanyar da kumbo ke bi, wani kwamfuta, ga likita a gefe. Bayan kowannensu akwai wani ɗaki cike da mataimaka. Dukansu suna magana da juna ta layukan cikin gida, suna kai rahoto ga daraktan tafiya, wanda shi ke yanke hukunci. Christopher Kraft ne ya ƙirƙiro wannan tsari, irin su Gene Kranz da Glynn Lunney suka gaje shi. Amma duk yawan bakunan nan, baki ɗaya tak ke da izinin fita zuwa kumbo. Kamar dai fada ce: kowa na iya kawo shawara, sarki ya yanke, amma mutum ɗaya ne ke ɗaga murya ya isar. Wanda ya taɓa jin shirin rediyo da baƙi uku suka kama magana lokaci guda ya san amfanin wannan doka.

Daga Houston muryar tana bin wayoyin tarho, da wayoyin ƙarƙashin teku, da taurarin ɗan Adam, ta ratsa cibiyar Goddard a jihar Maryland, har ta isa tashar da ke fuskantar wata a wannan sa'a. A zamanin Apollo manyan tashoshin uku ne, kowace da faifan eriya mai faɗin mita 26: Goldstone a Kaliforniya, ɗaya kusa da Madrid a ƙasar Sifen, da Honeysuckle Creek kusa da Canberra a Ostiraliya. An raba su ne daidai yadda in wata ya faɗi a wurin ɗaya, ya riga ya fito a wurin ta gaba. Zango ɗaya na rediyo ne ke ɗauke da komai a haɗe: murya, da hoton talabijin, da bayanan lafiyar injuna, da bugun zuciyar matafiya, da siginar auna nisa.

Tsakanin duniya da wata akwai kimanin kilomita dubu 384. Saƙon rediyo yana gudu da saurin haske, amma duk da haka sai ya ci daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya kafin ya isa, zuwa da dawowa fiye da daƙiƙa biyu da rabi. Ke nan in ka yi tambaya dole ka kame bakinka ka jira, in ba haka ba ku yi karo. Ƴar ƙarar nan kuma mai kamar busa da ake ji a tsofaffin faya-fayen Apollo kafin mutumin Houston ya yi magana da bayan ya gama, ba daga samaniya take zuwa ba. Ita ce ke gaya ma tashar da ke nesa ta kunna na'urar watsawa, sannan ta kashe.

Akwai kuma wurin da babu dabara. Idan kumbo ya zagaya bayan wata, magana takan yanke ƙaf na kusan minti 45 a kowane zagaye na awa biyu. Abin tashin hankalin shi ne, a can bayan ne ake kunna injin da zai sa kumbo ya shiga kewayen wata, a can ne kuma ake kunna shi don kama hanyar gida. Ran 24 ga watan Disamba na 1968, da Apollo 8 ya ɓace a bayan wata karo na farko, mutanen Houston ba su da abin yi sai kallon agogo. Sun riga sun lissafa daƙiƙar da sigina za ta dawo in injin ya yi aiki, da wadda za ta dawo in bai yi ba. Ta dawo a kan lokacin da ake fata.

Wani abin da matasan yau za su yi mamaki: babu na'urar buga takarda a cikin kumbon Apollo. Houston na iya tura wasu lambobi kai tsaye cikin kwamfutar kumbo, amma jerin lissafin kunna injin da duk wani sabon umarni, da baki ake karanta su ɗaya bayan ɗaya, matafiyi ya rubuta da hannu, sannan ya maimaita don a tabbatar bai ɓata ba.

Slayton ya ga ranar da wannan igiya ta magana ta zama abin baƙin ciki. Ran 27 ga watan Janairu na 1967 ana gwajin kumbon Apollo 1 a ƙasa, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee suna kulle a ciki. Rediyo ya yi ta ba da wahala, har Grissom ya yi ƙorafin cewa ta yaya za a je wata alhali an kasa jin juna tsakanin gine-gine biyu ko uku. Slayton ya so ya shiga kumbon tare da su a ranar don ya ji matsalar da kunnensa, daga baya ya ga ya fi kyau ya saurara daga ɗakin kula da harba roka. Yana zaune a nan, kusa da Stuart Roosa mai magana da kumbo, sai aka ji ihun wuta. Mutanen uku suka mutu kafin a iya buɗe ƙofa. Grissom babban amininsa ne, kuma Slayton ya bayyana daga baya cewa da ya rayu, shi ya so ya fara taka wata. Ashe mamatan sun sa an ƙera mashi wata ƴar alama ta zinariya mai ɗigon lu'ulu'u, irin wadda ƴan sama jannati ke maƙalawa a riga, da niyyar su kai ta samaniya su dawo su ba shi. Matansu ne suka miƙa mashi ita. Bayan shekara biyu da rabi Armstrong ya tafi da ita wata.

Ba kasafai yake karɓar makirufo da kansa ba, sai in abu ya kai maƙura. A watan Oktoba na 1968 mura ta kama matafiyan Apollo 7, kwamandansu Wally Schirra ya yi ta sa-in-sa da Houston, a ƙarshe ya ce ba za su sa hulunan kwano a lokacin saukowa ba, don yana tsoron dodon kunnensu ya fashe. Slayton ya hau layi ya lallashe shi, Schirra ya ƙi. Sun sauka lafiya, amma cikin su ukun babu wanda ya sake tashi. Schirra dai ya riga ya sanar da ajiye aiki, sauran biyun kuwa ba a sake ba su kujera ba.

Ran 23 ga watan Disamba na 1968 ya kira Armstrong gefe ya yi mashi tayin jagorancin Apollo 11. Ranar sauka, 20 ga watan Yuli na 1969, Charlie Duke ne a kujerar magana, Slayton na zaune a gefensa. Sigina ta yi ta yankewa tana dawowa, har sai da aka riƙa bi ta wurin Michael Collins, wanda ya rage a babban kumbo, yana isar da saƙo. Sai kuma kwamfutar ƙaramin kumbon ta fara kukan gargaɗi da lamba 1202, daga baya 1201. Wani matashi a ɗakin baya, Jack Garman, ya gane cewa aiki ne ya yi mata yawa, ba lalacewa ta yi ba. Ya gaya ma Steve Bales, Bales ya gaya ma Kranz, Duke ya isar cewa a ci gaba, duk cikin ƴan daƙiƙoƙi. Da aka matso ƙasa Duke ya ci gaba da zuba bayanai, sai Slayton ya bugi hannunsa ya ce ya yi shiru ya bar su su sauka. Daga nan Duke bai ƙara cewa komai ba sai ƙidayar man da ya rage, saura daƙiƙa 60, saura 30. Suka dira da ƙarfe 9 da minti 17 na dare agogon Nijar. A ganinmu wannan bugun hannu yana cikin manyan ayyukan da Slayton ya yi a zauren nan. (Ciwon idon nan da muke ce ma afolo ma daga wannan tafiya ya samo suna, don a 1969 ya ɓulla a Ghana.)

A watan Afrilu na 1970 tankin iskar shaƙa na Apollo 13 ya fashe, kumbo na nesa da duniya da kimanin kilomita dubu 320. Kwana kusan huɗu rayukan Jim Lovell da Jack Swigert da Fred Haise suna rataye a kan murya. Da gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa ta fara taruwa, injiniyoyi a ƙasa suka haɗa wata dabara da leda da kwali da salatif, Joe Kerwin ya karanta masu yadda za su yi mataki-mataki, ba hoto ba zane. Jerin umarnin sake kunna babban kumbo ya ci kusan awa biyu ana karantawa Swigert na rubutawa. A daren ƙarshe Slayton ya hau layi da kansa, ya kwantar masu da hankali, ya matsa masu su runtsa, don ya ji a muryarsu cewa sanyi da rashin barci sun fara cin su. Ran 17 ga wata suka faɗo tekun Pasifik da ransu.

Ba za mu ce ba shi da abin zargi ba. Ya fi yarda da matuƙan gwajin jirage irinsa a kan masana kimiyya, har sai da shugabanni a Washington suka tilasta kafin masanin duwatsu Harrison Schmitt ya samu kujera a Apollo 17, tafiyar ƙarshe, a 1972. Yakan yanke hukunci ba tare da ya yi ma kowa bayani ba, mutum ya shekara yana jira bai san laifinsa ba. Mutum 24 da suka je wata a shirin Apollo kuma duk maza ne farar fata. Sai a 1978, bayan ya bar kujerar, NASA ta ɗauki mata da baƙar fata na farko.

Duk tsawon shekarun nan bai cire rai ba. Ya bar taba, ya bar kofi, ya rage giya, ya kama motsa jiki. Ya ga abokinsa Shepard, wanda ciwon kunne ya zaunar shekaru, an yi mashi aiki ya warke har ya taka wata a 1971. A 1970 rikicin zuciyar Slayton ya ɗauke. Aka yi mashi bincike mai zurfi a asibitin Mayo, ba a ga wata cuta ba, a watan Maris na 1972 aka mayar mashi da izinin tashi, shekara goma cif bayan an karɓe. Sai dai kujerun wata sun riga sun ƙare, kuma shi da hannunsa ya raba su.

Abin da ya rage shi ne tafiyar haɗin gwiwa da Tarayyar Sobiyet. Aka sa shi tare da Tom Stafford da Vance Brand, ya zauna koyon Rashanci yana dab da shekara hamsin, ya kuma sauka daga muƙaminsa na darakta a 1974. Sun tashi ran 15 ga watan Yuli na 1975, bayan kwana biyu kumbonsu ya haɗe da Soyuz na Alexei Leonov da Valeri Kubasov. Dokar magana a wannan tafiya ita ce kowa ya yi harshen mai saurarensa: Amurkawa su yi Rashanci, Rashawa su yi Ingilishi. Cibiyoyi biyu ne ke saurare, Houston da ta kusa da Mosko, kuma an yi amfani da tauraron ɗan Adam mai suna ATS-6 wajen isar da magana, abin da ya rage dogaro da tashoshin ƙasa ƙwarai. Slayton na da shekara 51, a lokacin babu wanda ya taɓa zuwa samaniya da ya kai shi shekaru.

Wajen saukowa, ran 24 ga wata, hayaƙin man roka mai guba ya shiga kumbon saboda ba a kunna wasu maɓallai a kan lokaci ba. Brand ya suma na ɗan lokaci. Suka yi mako biyu a hannun likitoci a Hawaii, kuma a wurin hoton ƙirji ne aka gano wani ƙari a huhun Slayton. An cire shi, aka tarar ba mugu ba ne. Da an gan shi kafin tafiya, da wuya a bar shi ya tashi. Kwana tara ya yi a samaniya, awa 217, bai kuma sake komawa ba.

Bayan haka ya jagoranci gwajin saukar kumbon Enterprise a 1977, ya bar NASA a 1982. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin da ya shugabanta, Space Services, ya harba rokar Conestoga 1 daga wani tsibiri a gaɓar Texas, rokar farko da aka yi da kuɗin ƴan kasuwa ta kai samaniya. Ya kuma ci gaba da shiga tseren ƙananan jirage har ya tsufa. A 1992 likitoci suka gano ciwon daji a ƙwaƙwalwarsa. Ya mutu a gidansa da ke League City kusa da Houston ran 13 ga watan Yuni na 1993, yana da shekara 69. An ƙona gawarsa, aka watsa tokar a gonar iyayensa a Wisconsin.